Gwangwanin Tumatir a Ƙarƙashin Totur

Alhamis, 4 ga Rajab

Yaya Namadi ya dawo daga kasuwar Shinkafi da hujin harsashi biyu a bayan Golf ɗinsa. Na zura yatsa a ɗaya, na ce an yi wa kajin fasinja taga. Ba wanda ya yi dariya. Asiya matarsa ta ajiye tulu ta shige ɗaki.

Kusa da Badarawa ne. Motocin tasharmu na tafiya a jere kamar kullum, sai ɓarayin daji suka ɓullo a kan babura, kowa ya taka. Tasa ce ta ƙarshe. Ya danne totur har ƙasa, mota na nishi kamar tsohuwar jaka. Ya ce, "Misbahu, ina kallonsu a madubi suna girma."

Ni nake duba motar nan a gareji.

Asabar, 6 ga Rajab

Na yanke shawara. Injin nan mai fulogi huɗu ya gama aikinsa, mai shida zan ɗora mata. Akwai wani a Gusau, ɗan Kwatano, an ciro shi daga motar da ta kife amma shi bai ji ciwo ba. Ba inji kaɗai ba ne: sai an canza giya da kuloci, a sa babban lagireto, in ba haka ba ya tafasa kafin a kai rabin hanya. Birki ma. Dokin da aka ƙara wa dawa sai an ƙara masa linzami.

Na zana duka a ƙasa da sifana. Yaya ya tsuguna yana kallo kamar ina yi masa duba.

"Za ta yi gudu?"

Na ce ko mala'ikun kafaɗarsa sai sun riƙe rigarsa. Ya ce in yi istigfari. Amma ya murmusa.

Talata, 9 ga Rajab

Na hura leda na fasa a bayan Asiya tana tankaɗe. Ina yi mata haka tun tana amarya, ita kuma ta biyo ni da muciya tana cewa ƙanin miji annoba ne. Yau ba ta biyo ni ba. Kifewa ta yi a ƙasa, hannu a ka, gari ya watse.

Na ɗauko mata rariyar. Wasa ne fa.

Lahadi, 14 ga Rajab

Inji ya iso. Ya fi ramin faɗi, sai da muka yanka ƙarfe muka yi sabon mazauni. Hannuna duk ya yayyage. Ina ɗaure kowane noti da bisimilla, abin da ban taɓa yi ba.

Alhamis, 18 ga Rajab

Sun ɗauke Auwalu.

Shi ke buɗe hanya. Haka direbobin garinmu Ƙaura suke yi tun da abin nan ya yi tsanani: da safe a taru a bakin gari, ba mai motsawa sai wanda motarsa ta fi gudu ya shige gaba, ya ba da rata. In ya ga abu ya juyo da fitila a kunne, na baya su watse. Auwalu bai samu juyowa ba. An iske motar a tsakiyar titi, ƙofofi huɗu a buɗe, takalmin wata mata a kan kwalta.

Yaya na gida saboda motarsa na hannuna. Na gode wa Allah, sai kuma na ji kunyar godiyar.

Asabar, 20 ga Rajab

Na tayar da injin. Wayyo! Gurnani yake kamar sa a turke. Yaran gareji suka yi ta ihu, ni ma na yi rawa da sifana a ka.

Ina cikin haka Baba Ɗantani, shugaban direbobin tasha, ya shigo. Ya zagaya motar, ya ɗora tafin hannu a kanta yana jin yadda take kaɗawa.

"Wanga inji naka na, ɗan nema?"

Na ce nawa ne, ko iska ba ta kamo shi.

"Madalla. Allah ya rufe wata ƙofa ya buɗe wata. Mun samu mai buɗe muna hanya."

Ban gane ba sai da ya fita. Bakina ne. Duk tasha na bi ina cika baki tun kafin injin ya iso.

Lahadi, 21 ga Rajab

Na ce wa Yaya ya ƙi. Ya ce, "In ce musu mi? Auwalu ya yi muna, shi ba ya da uwa ne?"

Na gina abin da zai cire shi daga baya, ya kai shi gaba. Ba na iya cin tuwo.

Talata, 23 ga Rajab

Gobe za a gwada motoci a hanyar Zurmi, iya gonakin bakin gari, a ga wadda ta fi. Na yi tunanin zuba ruwa a tanki. Na yi tunanin sassauta wayar totur. Amma in na kashe mata ƙarfi, ranar da suka sake fitowa fa? Su sake girma a madubi?

Ina zaune a tsakar gida Asiya ta jefar da ƙaramin gwangwanin tumatir. Na taka shi a hankali, ya tsaya. Na taka da ƙarfi, ya lotse.

Ƙafar mai gwaji daban, ƙafar mai tsoro daban.

Laraba, 24 ga Rajab

Na cusa wani gwangwanin a ƙarƙashin shimfiɗar motar Yaya, daidai inda totur ke sauka. Rabin hanya yake tsayawa.

An yi gwaji. Motar Ɗanasabe ta wuce ta Yaya, ta Nuruddeen ma ta wuce ta. Tasha ta ɗauki sowa. "Ina mai shidan? Ko biyu sun tafi kiwo?" Wani ya ce na sayo wa yayana injin markaɗe. Baba Ɗantani ya girgiza kai: "Yaron ga ko a aiki wasa yakai."

Duk tsokanar da na taɓa yi a tashar nan yau an biya ni. Na tsaya ina washe baki. An sa Yaya a tsakiyar jerin motoci.

Ya fito daga mota ya daɗe yana kallona. 

Alhamis, 25 ga Rajab

Ɗanasabe ne a gaba. Yana da 'ya'ya ƙanana. Ban kalle shi ba da suka tashi.

Sun dawo lafiya. Na laluba ƙarƙashin shimfiɗa. Gwangwanin yana nan a tsaye.

Litinin, 29 ga Rajab

Yana nan.

Alhamis, 2 ga Sha'aban

Sun dawo bayan la'asar, ba a jere ba, ɗaya-ɗaya. Kowa ya dawo, har Ɗanasabe, gilashinsa a farfashe. Yaya ya ce hanya lafiya, ya tafi alwala.

Na sa hannu a ƙarƙashin shimfiɗa. Gwangwanin ya zama faifai.

Ina durƙushe a wurin sai na ji an taɓa kafaɗata. Yaya ne, fuska da ruwa. Ya miƙo mini sabon gwangwani, an wanke shi tas.

"In ji Asiya. Maida shi kahin Baba Ɗantani ya leƙo. Lokacin da sunka hito muna, ba wanda ya kalli gudun wani."

Na mayar. Shi ya riƙe mini shimfiɗar.

Da zan fita wani yaro ya fasa leda a bakin gareji. Na ƙwace sauran ledojin na cusa a aljihu. Ba don komai ba, ɓata wuri suke yi.