Bayan Littattafan Baba

Ya Kaltum,

Kina wajen aiki Baffa Ajimi ya zo da dillali, suka auna gidan har ɗakin Inna. Baffa ya ce gobe zai karɓi takardar gida ko da ƙarfi.

Na yi maɓoyi a kantar littattafan marigayi Baba ta falon cin abinci. Takardar tana ciki, bayan gafakar Alƙur'ani. Ki tura katakon hagu a hankali, ya ruɓe tun ambaliya.

Kar ki nuna wa Inna, kin san ba ta iya ƙarya ba.

Idan ya tambaya, ki ce na gudu da ita. Zai yarda, dama ɓarawo yake kirana. Na bi motar Damaturu. Ki yafe mini.

Mikail