Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Asabar, 9 ga Muharram, 1338

Gobe cika-ciki. Yahanasu ta iso daga Kurfi da la'asar a kan jaki, ta kawo yarinyar ta gaida Baba. Tun da aka kai mata ita yaye, don ita ce yayar mijina marigayi Malam kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, aka ce min kwana kaɗan za ta yi. Ga shi yau haƙoranta na gaba sun fara zuba, kuma ba a gidana suka tsiro ba.

'Yata ce, 'yar fari. Ba na kallonta a gaban mutane, ba na kiran sunanta, ko a takardar nan hannuna bai yarda ya rubuta shi ba. Haka aka yi min tarbiyya, haka na yi. Na zauna a bakin murhu ina satar kallo kamar ɓarauniya a gidan ubana. Kitson da ke kanta ya yi kyau, kuma haushin kyansa nake ji.

Lahadi, 10 ga Muharram

Inna take ce wa Yahanasu. A gabana. "Inna, ɗaura mini zane." "Inna, ƙashi ya maƙale mini." Ni kuwa da na miƙa mata nama sai ta dubi Yahanasu tukuna, sai da ta ce ta karɓa sannan ta karɓa.

Biyu na haifa bayanta, duka biyun suna ƙasa. Malam ma ya bi su bara. Wannan ɗaya ce ta rage min a duniya, ita ma a cinyar wata take cin tuwon cika-ciki.

Da ake mata wanka na gani. Tabo uku a ƙaurinta na hagu, baƙaƙe, zagaye, na wuta. Ban tambaya ba. Yahanasu ta ga na gani, ta buɗe baki za ta yi magana, na tashi na shige ɗaki.

Litinin, 11 ga Muharram

Sun tafi. Ba ta waiwayo ba.

Laraba, 13 ga Muharram

Tani mai daddawa ta shigo. Ita ce ke bin kasuwanni daga nan Dutsin-Ma har Kurfi, kuma labari ya fi daddawa yawa a kwandonta. Ta ce min na rame. Na ce yaya ba zan rame ba, an sa wa 'yata wuta a ƙafa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wa ya sa mata?" Na ce oho, a tambayi mai riƙonta.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ƙara ko kalma ba. Na san wadda na faɗa wa dai.

Juma'a, 15 ga Muharram

Maganar ta cika gari. A bakin rijiya an ce da bakin wuta aka ƙona ta don ta yi fitsarin kwance. A kasuwa an ce don ta ɗebi gyaɗa ne. Wata tsohuwa ma ta rantse wai ta ji ihun daga Barkiya.

Mata sun rabu biyu. Wasu na cewa wadda ba ta san zafin naƙuda ba, ba za ta san zafin wuta a jikin ɗan wani ba. Wasu na cewa ni ce marar kunya, ina aka taɓa jin uwa ta buɗe baki a kan 'yar fari. Inno maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ramlatu, ɗiyar da anka ba goggonta ta zama tata, ko kin manta wa ya riƙe ki?" Ban manta ba. Ni ma goggo ce ta riƙe ni, kuma har uwata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Shi ya sa.

Maza kuma bayan masallaci nasu tsoron daban ne. Wai Nasara na bincike a kan yaran da ke zaune a gidajen da ba na iyayensu ba, don suna zaton bayi ne ake ɓoyewa. In maganar ta kai Katsina, in ji su, kowane gida mai riƙo sai ya yi bayani.

Litinin, 18 ga Muharram

Baba ya kira ni zaure bayan ya sallami masu karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kin ga wutar da idonki, ko tabo kika gani?" Na ce tabo. Ya ce tabo ba ya faɗin wanda ya yi shi.

Na ce ni dai 'yata nake so. Na tambaye shi abin da littafi ya ce, tunda shi ya koya min karanta shi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce matuƙar ban sake aure ba, reno na uwa ne, wannan ba gardama. Amma ya ce al'ada ma ba a banza ta tsufa ba. Na ce ƙara zan kai. Ya ce, "To, zan raka ki, don kada ki tahi ke kaɗai. Ba don na yarda ba."

Juma'a, 22 ga Muharram

Yahanasu ta aiko Tani. Wai kurkunu ne ya kama yarinyar da damina, ƙafar ta kumbura kamar tulu, Sodangi wanzami ya yi mata sakiya. Wai ba ta aiko min ba ne don ta san ina takaba, kuma ta san kunya ba za ta bar ni in zo ba.

Ji wayo. Ita ce ta yi jinya, ita ce ta goya, ita ce ma ta tausaya min. Komai ita. Da ma mugunta ta yi da na fi samun sauƙi.

Talata, 26 ga Muharram, a Kurfi

Ƙofar alƙali ta cika har kan katanga. Ban san mutanen Kurfi ba su da aikin yi ba, ga dawa na jiran girbi.

An zaunar da ni gefe, Baba na gabana. Yahanasu na can ɗaya gefen, yarinyar ta cusa kai cikin mayafinta. Akwai wani magatakarda kusa da alƙali, don tun zuwan Nasara ba a shari'a sai an rubuta sunan kowa. Alƙali ya ce, "Mai ƙara, wace yarinya kike nema? Hwaɗi sunanta a rubuta."

Na buɗe baki. Ga Baba, ga dangin Malam, ga garin Kurfi kaf, yaya zan kira sunan 'yar fari? Na ce, "Waccan." Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, tana neman ɗiya ba ta iya kiran ta. Wata kuma ta ce a'a, ai nan ta nuna 'yar mutunci ce. Yahanasu ce ta faɗi sunan, a hankali, kamar mai lallashi, yarinyar ta ɗago kai ta dube ta. Na ji kamar in tashi in shaƙe ta.

An kira Sodangi. Tsoho ne, ya zo da zabirarsa, ya fito da ƙarfen sakiyar ya nuna. Ya ce shi ya gasa shi, shi ya huda kumburin wuri uku, goggon ce ta danne yarinyar tana kuka fiye da ita. Maƙwabta biyu sun shaida. Alƙali ya sa wata tsohuwa ta duba ƙafar, ta ce tabon sakiya ne, ko makaho ya shafa ya sani.

Alƙali ya ce babu zalunci, a daina faɗa, wanda ya ƙara ɗora wa Yahanasu wannan magana zai gamu da shi. Ban ɗaga kai ba. Sannan ya ce amma reno haƙƙin uwa ne tunda ta nema kuma ba ta yi aure ba. A ba ta 'yarta.

Na ci shari'a. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare hannun yarinyar daga zanen Yahanasu.

Laraba, 27 ga Muharram

Mun dawo. A hanya yarinyar ba ta yi kuka ba. Yahanasu ta biyo mu har bayan gari da ƙullin kaya, tana faɗa wa Baba, ba ni ba, wai a riƙa shafa mata man shanu a ƙafar da safe, wai ba ta son yaji. Ni za a koya wa 'yata.

Asabar, 30 ga Muharram

Na sa yaji kaɗan don in gani. Ba ta ci ba.

Talata, 3 ga Safar

Gari bai gaji ba. Yanzu cewa ake na yi wa baiwar Allah ƙazafi na ƙwace mata 'ya. Waɗanda suka zuga ni a bakin rijiya su ne suka fara juyawa. Wasu matan kuma, in ji Tani, sun fara tambayar mazansu ko su ma za su iya karɓo nasu, har wani ya ce ni na ɓata musu gida. Wani malami daga Wurma ya zo musamman ya yi gardama da Baba a kan littafi da al'ada, suka sha fura suka rabu kowa da nasa.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, yarinyar ta ƙi kirana komai. In tana son ruwa sai ta tsaya kusa da randa har in lura. Ni ma "ke" nake ce mata. Muna zaune ɗaki ɗaya, ba mai sunan wani.

Na tsefe kitson Kurfi na yi mata nawa. Ta zauna har na gama, sannan ta shafa ta ce, "Ba haka Inna ka yi ba." Nawa ya fi kyau. Na san ya fi.

Lahadi, 8 ga Safar

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi ina surfe, na waiwaya yarinyar ba ta nan. Ba ta zaure, ba ta gidan Inno. Wata mai tallan nono ta ce ta ga yarinya tana ɗingishi ta bi hanyar Kurfi. Na fita haka nan, ba mayafi, ba takalmi, ni da ban taɓa taka ƙofar gida da rana ba a sani ba.

Bayan gari dawa ta fi mutum tsawo, hagu da dama. Sawunta ya bar hanya ya shiga gona. Na shiga ina cewa "ke", ina cewa "yarinya". Wace yarinya? Duniya cike take da yara. Ganye na yankar fuskata, ba abin da nake ji sai tsuntsaye. Na tuna akwai tsofaffin rijiyoyi a gonakin nan da ba a rufe ba.

Sai na kira sunanta. Da ƙarfi, har maƙogwarona ya yi zafi. Masu gona biyu suka ɗago suka dube ni, sun san ni, sun san 'yar fari ce. Na sake kira.

Ta amsa. Daga can ciki na ji ta ce, "Inna!" da wata murya da ban taɓa ji ba, na ji kara na karyewa tana gudu da ƙafar nan mai ciwo. Ta ɓullo tana dariya, hannuwa a buɗe. Ta gan ni.

Ban san fuskar yaro na iya mutuwa haka ba. Ta sauke hannuwan, ta tsaya. Ta ce, "Na zaci Inna ce." A duniyarta mutum ɗaya ce ke kiran sunan nan da irin wannan tsoro.

Na goyo ta muka dawo. Ta yi barci a bayana. Nauyinta ya fi yadda nake zato.

Litinin, 9 ga Safar

Inno ta ce duk gari ya ji na kira sunan 'yar fari a gonar mutane. Na ce su ji.

Na shafa wa yarinyar man shanu. Na duba tabon da kyau. An yi shi daidai inda ya kamata, kuma wanda ya yi jinyarsa bai yi barci ba. Ba yabo nake ba, abin da na gani ne.

Alhamis, 12 ga Safar

Tani za ta Kurfi da daddawa, jakinta ba kaya da yawa. Na ce ta tafi da yarinyar ta gaida goggonta. Gaisuwa ce kawai. Hukuncin alƙali na nan, ba wanda ya soke shi, duk ranar da na ga dama zan aika a dawo min da ita.

Na haɗa mata zannuwanta duka, don sanyi ya kusa. Da tasarta, da 'yar tabarmar. Baba ya ga ƙullin, ya dube ni.

Na ce wa Tani ta gaya wa Yahanasu kada ta kuskura ta tsefe kitson nan sai ya tsufa. Har yanzu ba na son matar, kuma ba na jin zan so ta.

Da aka ɗora ta a jaki na tsaya a zaure. Na faɗi sunan a hankali, ba don kowa ba, don in ji ko bakina zai sake iyawa. Ta waiwayo.

Rekiya. Ga shi na rubuta. Rekiya.