Mas'uda Suna Ne, Ba Sa'a Ba

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Cibiyar Adana Muryoyin Waɗanda Suka Tsira
Daga: Rina Fadlun, Unguwar Ramat Yosef, Bat Yam
14 ga Maris, 2022

Game da: Kuskuren fassara a shaidar mahaifiyata, Zula Tammam, kaset mai lamba 412

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, wannan ce takardata ta huɗu kan magana guda.

1. Ranar 9 ga Yuni, 1998, ma'aikatanku suka naɗi muryar mahaifiyata kan zamanta a sansanin Jado, inda aka tsare Yahudawan Bangazi a 1942. Da Larabcinmu na gida ta yi magana. Da ta zo kan zazzaɓin da ya yi ta kwasar mutane, sai ta ce "Mas'uda" sau uku.

2. Mai fassararku ya rubuta "Na yi sa'a." Ban ce mugunta ya yi ba, ma'anar kalmar ya bi, wato mai sa'a. Amma Mas'uda ƙanwarta ce, 'yar shekara biyu, kuma a bayanta ta cika. Yini guda tana goye da gawar, don kada a karɓe.

3. Bara kuka manna wannan "Na yi sa'a" da manyan baƙaƙe a bangon sabon zauren cibiyarku, ƙarƙashin hotonta. Ni da hannuna na tura kekenta na marasa lafiya har gaban bangon ranar buɗewa. Ta karanta, ta dube ni. Wallahi gara a ce ƙasa ta tsage na shige.

4. An amsa mini ranar 2 ga Nuwamba cewa mai shaida kaɗai ke gyara shaidarsa, da baki ko da sa hannu. Shanyewar jiki ta ɗauke mata duka biyun tun 2020. Aka ce to, in kawo takardar haihuwar yarinyar. Haba, ranka ya daɗe, wa ya fito daga Jado da takarda?

Ba ni da lauya, ba ni da kowa a sama, na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa kuma. Roƙona shi ne a nemo tsoho ɗaya haifaffen Bangazi, tun da sauransu a raye, ya saurari minti na 47 na kaset ɗin. In ya tabbatar, a sauke rubutun, a sa Mas'uda Tammam a kundin sunayen mamatanku, inda har yau babu ita.

Shekarun mahaifiyata tamanin da tara. Rana ɗaya a rayuwarta ta iya kiran sunan nan a gaban baƙi, kuma ku ta kira wa.

Da matuƙar ladabi da girmamawa,
Rina Fadlun