Kyamarar kan gareji

Wendell,

Na tafi aiki, na bar ka kana ta minshari.

Da safe maƙwabciyarmu Gail ta buga ƙofa, ga ɗan sanda a bayanta. Ta ce, "Lorraine, tambayi mijinki me yake nema a tagar ɗakin 'yata." Na rasa inda zan sa fuskata. Kyamarar nan ce da ka kafa a kan gareji, wai don ɓarayi. A ɗakin yarinyar ɓarayin suke kwana?

Ɗan sandan ya ce ɗaya kyamarar, ta bakin ƙofarmu, ba laifi, gidanka ne. Amma wadda ke leƙa tagar mutane har tana naɗar muryarsu, wannan maganar kotu ce. Na ce masa ai mijina ya karance dokar kaf a waya. Da ƙyar ya danne dariya.

Ka hau tsani ka cire ta kafin yamma, don Gail ta riga ta kira lauya. Kada ka tsaya yi mata wa'azin haƙƙinka. In ta kai ƙara, kai kaɗai za ka je, babban masanin doka. Ni dai na gama ba da haƙuri a madadinka.

Lorraine