Layi Uku da Alhaji Bai Karanta Ba

Zuwa ga Alhaji Laminu, mai ofishin sayar da tikitin jirgi da kama wa matafiya masauki a nan unguwarmu ta Mount Hope, a Bronx ta ƙasar Amurka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofis. Allah ya ƙara girma.

Ni ce Rabi, matar marigayi Malam Idi direban tasi, mahaifiyar Habsatu wadda kowa ya sani da Auta. Sau uku na zo ofishinka a kan wannan magana. Sau biyu aka ce ka fita. A na uku ka ce mini, “Maman Auta, ki bar wa Allah,” hannunka a kan waya. Na bar wa Allah abin da ya wuce, amma akwai wanda bai wuce ba, shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa. Zan liƙa ta a allon sanarwa na masallaci, in kuma sa ta a zauren ƙungiyar mata na waya. Da hannuna na rubuta ta, yawanci a cikin jirgin ruwa idan zan tafi aiki St. George, inda nake kula da wata tsohuwa. Kwana goma sha ɗaya ta ɗauke ni. In ka ga kuskuren rubutu ka yi haƙuri, ina da shekara arba'in da biyu na fara riƙe alƙalami.

Na ɗaya, maganar takardar da na ba ka.

A watan Mayun bara na zo wurinka don za a aurar da ɗiyar Mariama ƙanwata a Paris cikin watan Yuli. Gidan Mariama ɗaki biyu ne, baƙin Maradi kuma sun riga sun cika shi, dole ni da Auta mu sauka a otel. Ka san Auta na da ciwon sukari tun tana shekara tara, irin wanda sai da allura kullum. Maganin allurar ba ya jure zafi. Don kada in manta da wani abu a gabanka, na zauna a gida na rubuta layi uku: ɗaki mai firji, kada ya zama ɗakin can ƙarshen sama saboda zafi, kuma a samu shagon magani kusa.

Na miƙa maka da hannu biyu. Ka ninke ta ka sa a ƙarƙashin kalanda, ba ka buɗe ba. Ka juyo mini da fuskar kwamfuta ka nuna mini hotuna: labule ja har ƙasa, gado mai ƙafafun zinariya, fitila kamar ta gidan sarauta. Ka ce otel ne mai tarihi, ya haura shekara ɗari, manyan mutane sun kwana a ciki, kuma kuɗinsa daidai talaka. Na ce, “Alhaji, firjin fa?” Ka yi dariya ka ce, “Turai fa za ki, ba ƙauye ba.” Na ji kunya na yi shiru. Wannan shirun yana cikin abubuwan da nake nadama.

Na biyu, abin da muka tarar.

Ba zan ɓata wa otel ɗin suna da abin da bai yi ba. Yana da kyau. Matakalarsa ta katako ce mai sheƙi, an rataye hotunan mutanen da a bango, makullin ɗaki kuwa na ƙarfe ne mai nauyi da ake bari a tebur idan za a fita. Burodin da suke bayarwa da safe ban taɓa cin irinsa ba. Amma hotunan da ka nuna mini na hawa na biyu ne. Mu a hawa na shida aka sa mu, ƙarƙashin rufin kwano. Lif ɗinsu mutum biyu yake ɗauka idan ba su da jiki, kuma a hawa na biyar yake tsayawa, sauran sai da ƙafa, da akwati a ka. Rufin ɗakin a karkace yake, sau uku ina buga goshi. Babu na'urar sanyi, fanka ɗaya ce ƙarama a kan tebur. Na girma a Maradi, na san zafi, amma zafin ɗakin nan da rana irin na cikin tanda ne.

Firji kuwa babu. Na buɗe kowace ƙofa ta kabad ina nema. Muka sauko, Auta ta yi magana da mutumin da ke tebur da Turanci, ya ce ginin tsoho ne, ba a sa firji a ɗakunan sama, kuma babu wanda ya nemi a ba mu ɗaki mai firji. Ya juyo da takardar da ofishinka ya aika musu, Auta ta karanta mini. Sunayenmu ne da kwanaki, shi ke nan. Muka nemi a sauya mana ɗaki, ya ce lokacin baƙi ne, ko'ina a cike. Abin da zai iya shi ne ya karɓi maganin a ajiye a firjin kicin.

Na uku, laifina, don ba zan ɓoye shi ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe firjin gidan ɗaya daga cikinmu a Bronx ya san robar askirim ba askirim ke cikinta ba. Miya ce, ko daddawa, ko markaɗen tattasai. Roba ce mai ƙarfi, murfinta na rufuwa gam, ba ma yar da ita. A irinta nake ajiye alluran Auta shekara da shekaru, in naɗe su a ƙyalle don kada su fashe. A cikinta na kai su Paris, a cikinta kuma na miƙa wa mutumin tebur ranar Laraba da muka sauka. Mun faɗa masa magani ne, ya gyaɗa kai. Ban rubuta komai a kan murfin ba. Ni da nake alfahari da rubutuna, ranar da kalma ɗaya za ta yi amfani ban rubuta ba, domin ban taɓa tunanin akwai mai kallon wannan roba ya zaci askirim ce ba.

Shi ya miƙa wa matar kicin bai ce mata komai ba. Ita kuma ta ga robar askirim, ta sa ta inda ake sa askirim.

Na huɗu, ranar Asabar.

Allurar da ke hannun Auta ta kai mu har safiyar Asabar, ranar ɗaurin aure. Auta ce babbar ƙawar amarya. Ta yi wanka ta sa ankonta, muka sauko karɓar sabuwa kafin ta karya. Da aka miƙo mini robar sai da ta manne mini a yatsu. Na buɗe, ƙyallen ya sandare, alluran duka sun zama ƙanƙara.

Mutumin tebur ya ce mu ajiye a bakin taga, cikin minti ashirin za su narke su koma daidai. Ba mugunta ba ce, bai sani ba ne. Auta ta sani, amma yarinya ce da anko a jikinta, ƙawaye na kiran wayarta. Ta ce ta gwada ɗaya kawai. Ta roƙe ni da Turanci, yadda yaranmu ke yi idan ransu ya ɓaci. Ni kuma ina da ɗan littafi mai shuɗin bango, wanda tun da na fara koyon rubutu nake sa duk abin da nas ta faɗa mini a asibiti, da Hausata, harafi bayan harafi. Na ciro shi daga jaka na nemo shafin, na sa yatsa na karanta mata a gaban mutane: idan ya daskare a zubar, ko da ya narke. Na rufe robar na danne ta a hammata. Ta yi kuka, ban ba ta ba.

Shagon magani na farko tafiyar kusan rabin awa ce a ƙafa. Suka duba takardar likitanmu ta Amurka suka ce sai likitan can ya rubuta tasu. Na biyu ma haka. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba, na san a nan gari bai waye ba, ban riƙe ka da wannan ba. Daga ƙarshe mijin Mariama, uban amarya, ya bar baƙinsa a tsaye ya zo ya kai mu asibiti da babbar rigarsa. Kafin a gan mu, na'urar awon Auta ta nuna lambar da ban taɓa gani ba, bakinta ya bushe, ta fara amai. Aka kwantar da ita aka sa mata ruwa. Na zauna a kujerar roba ina kallon ɗigon ruwan, ina tuna ranar da mahaifinta ya ce mini in kula masa da ita. Sai bayan magariba aka sallame mu. An riga an kai amarya. A duk hotunan bikin babu Auta, babu ni, uban amarya ma rabi babu shi.

Washegari matar kicin ta hawo har hawa na shida da ƙafarta, ta riƙe hannuna tana hawaye tana magana da yaren da ban ji ba. Ita ta ba ni haƙuri. Mutumin tebur ya ba ni haƙuri. Kai kaɗai ne har yau ba ka ba ni haƙuri ba.

Na biyar, abin da ka faɗa a bayana.

A wajen sunan jikan liman, a gaban maza, an ɗauko maganar tafiyarmu, ka ce matsalar matan da ba su yi boko ba ke nan, ka kai su otel na manya su kai magani a robar miya. Aka yi dariya. Mazan sun koma gida sun faɗa wa matansu, matan suka faɗa mini. Alhaji, robar tawa ce, na amsa. Amma da ka buɗe takardata, da robar ba ta bar hannuna ba. A cikin wannan magana mutum biyu aka ba rubutu. Ni na karanta nawa a tsaye a gaban tebur. Kai naka yana ƙarƙashin kalanda.

Da wannan ne kaɗai, da na haɗiye. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, amaryar bara tana da ciki, ana sa ran haihuwa a watan Yuli, cikin zafin nan dai. Auta ta ce tun da ta rasa biki ba za ta rasa suna ba. Ni ba a ba ni hutu a wurin aiki ba, ita kaɗai za ta. Ta tara abin da take samu a shagon da take aiki ranakun hutu, ta zo wurinka ba da sanina ba, don ta san zan tsorata. Na tsinci takardar masaukin da ka ba ta a aljihun rigarta zan yi wanki. Na tafi da ita jirgin ruwa, na bi sunan otel ɗin harafi bayan harafi. Shi ne dai. Ƙasan sunan babu maganar firji, babu lambar hawa. Ka san yarinyar, ka san ciwonta, ka san abin da ya faru, ka sake tura ta can.

Fasfonta yana cikin akwatina. Ta cika shekara goma sha takwas, ba ni da ikon riƙe shi, kuma ba na son in zama uwar da ke ɓoye wa ɗiyarta fasfo. Mako uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, a ɗaki ɗaya muke kwana. Na yi mata alkawari ranar da na ga abin da nake nema a rubuce, da hannuna zan miƙa mata.

Saboda haka ga roƙona. Ba kuɗi nake nema ba.

Ka kira otel ɗin a gabana da gaban Auta, su aiko a rubuce cewa ɗakinta yana da firji a cikinsa kuma ba a ƙarƙashin rufi yake ba. In ba za su iya ba, ka sauya mata wani, ko da ba shi da tarihi ko kaɗan. Auta ta ce ka faɗa mata bayan ƙarshen watan nan ba a sauya komai, don haka ina roƙon a yi kafin Juma'a ta sama.

Ka riƙa tambayar duk wanda ya zo wurinka ko yana da ciwo ko magani, ka rubuta, ka aika wa masaukin. Tsofaffinmu da yawa suna tafiya ta hannunka, kuma ba kowa ne zai iya buɗe baki a gaban kwamfuta ba.

Maganar da ka yi a gaban maza kuwa, ka gyara ta a gabansu. Ba don ni kaɗai ba. Muna da mata goma sha biyu a ajinmu na koyon karatu da rubutu na ranar Asabar, wasu sun girme ni, biyu sun daina zuwa tun da suka ji an yi dariya.

Ni ma na gyara nawa. Na sayi jakar magani ta gaskiya mai riƙe sanyi. Na rubuta a jikinta da Hausa da Turanci, Mariama kuma ta faɗa mini na Faransanci ta waya na rubuta: magani ne, kada a sa a ƙanƙara.

Allah ya ba ka lafiya da zuri'arka, ya sa albarka a kasuwancinka, ya tsare ka da zaman kujerar asibiti a garin da ba ka jin yarensu. Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Na sake rubuta layi ukun nan a wata takarda, zan kawo maka ranar Litinin idan na sauko daga aiki. Wannan karon ba zan ninke ta ba, kuma zan tsaya har ka gama karantawa.

Wassalam.

Rabi, Maman Auta
Mount Hope