Ciwon da Ba Ya Jin Magani

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yaran baki ɗaya. Allah ya dafa maka a wurin aiki, ya ƙara muku zaman lafiya, ya raya mana yaran nan. Mu ma nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Goggo tana nan da gwiwarta, kullum sai ta ce gobe za ta je a duba mata, har yau goben ba ta iso ba. Kawu ya rabu da tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai an tura, samarin layinmu sun huta. Ni kuma ina nan ina fama da 'yan aji huɗu, muryata ta kusa ƙarewa.

Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa bayan ga waya. To, a waya ba na iya magana, domin duk lokacin da ka kira Baba yana zaune a gefena yana zare mini ido, ni kuma sai in ce maka da sauƙi. Shi ya hana a gaya maka, wai kada ka bar aikinka ka taho. Yau da bakinsa ya ce in rubuta, saboda haka zan gaya maka gaskiya, kuma ka yafe mana. Abin da muka riƙa ce maka ɗan kumburi ne, saura ƙiris ya raba Baba da babban yatsansa na dama.

Sartse ne fa kawai. Yana goge katakon wata ƙofa a shago, sartsen ya shige masa a gindin yatsan. Ya sa allura ya tono abin da ya tonu, ya naɗe wurin da salatif, ya ci gaba da aikinsa. Da wurin ya fara zogi sai ya buɗe kwalin nan na saman kabad, wanda ake tara ragowar magunguna tun muna yara, ya zaɓi kafso masu kalar da ta yi masa ya sha. Kafin mako ya zagayo hannun ya kumbura suntum, yana sheƙi, ga zazzaɓi. Na yi magana, Mama ta yi, ya yi biris da mu. Ba zafin ciwo ne ya kai shi asibiti ba. Guduma ce ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙasa, ya sunkuya ya kasa damƙarta. Sai ga shi ya shigo gida da kansa yana tambaya ina takalmansa na fita.

A asibiti suka kwantar da shi, suka ba shi magani na farko, shiru. Suka canza wani, shi ma shiru, sai ma jan da ke hawa ya nufi wuyan hannu. Suka ɗebi mugunyar suka kai ɗakin gwaji. Rana ta huɗu likitar ta zo, wata 'yar siririya mai tabarau, ta tsaya a bakin gado ta ce sun gano matsalar, ba ya jin magani. Ka san kunnen Mama na hagu ba ya ji sosai. Ita abin da ta ji shi ne ba ya jin magana. Sai ta tafa hannu, ta ce Allah ya yi wa likita albarka, shekara talatin da takwas ke nan tana faɗar haka ba wanda ya yarda da ita, yau ga shi asibiti sun gano da na'ura. Ta ƙara da tambayar ko akwai allurarsa. Likitar ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido, ni kuwa na riƙe ƙarfen gado. Baba ya ɗaure fuska ya juya wajen bango.

Dariyar ba ta daɗe ba. Likitar ta bayyana mana cewa ciwon take nufi. Ƙwayar cutar da ta shiga hannun irin wadda magungunan da aka saba ba sa kashe ta ce, sai an sa wani mai ƙarfi ta jijiya. Ta ce idan ta kai ga ƙashi, ba su da zaɓi sai su cire yatsan, wataƙila har da abin da ya fi yatsan. Yaya, na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na dubi Baba na ga yana kallon hannun nan da ya ciyar da mu, ya yi mana gadaje da teburin karatu. Kafinta ba babban yatsa, da me zai riƙe ƙusa, da me zai riƙe zarto?

Kwana goma sha tara ya yi a can, a ɗaki shi kaɗai, duk mai shiga sai ya sa safar hannu. Ranar da na san ya fara samun sauƙi ita ce ranar da na tarar yana yi wa wata nas bayanin cewa wanda ya kafa ƙofar ɗakin bai san aikinsa ba, shi ya sa take jan ƙasa. Ba ma'aikacin da ya tsira daga labarin ƙofar nan, har mai shara. Ina jin ranar da aka sallame shi sun fi mu murna.

Aka sallamo mu da dokoki. Ƙwaya biyu kullum, safe da yamma, har kwana ashirin da ɗaya, ba fashi. Tawul ɗinsa daban, sabulunsa daban, zanin gadonsa a wanke shi daban da ruwan zafi. Ciwon ya zauna a rufe. Wani nas dattijo yana zuwa kowace safiya ya wanke ya sake naɗewa, Baba ya sa masa suna Mai Almakashi. Mama ta ajiye bokiti da sabulu a ƙofar ɗaki, ta zama mai gadi, ba mai shiga ba mai fita sai ya wanke hannu. Kawu ya ji haushi, ya ce shi da wankansa ya zo, ta ce ai ba ta tambaye shi ba. Makullin shago kuwa yana cikin jakata, da shi nake zuwa makaranta. Da zaman ya ishe shi sai ya roƙa a kawo masa gwangwanayen ƙusoshinsa ɗaki, ya riƙa ware manya da ƙanana da hannun hagu. Muka ga ba laifi, muka jera masa su a kan taga.

Ni nake ba shi ƙwayar safe kafin in fita, Mama ta ba shi ta yamma. Komai yana tafiya daidai, kumburi ya saɓe, yana cin abinci, har ya koma yi wa rediyo gardama. Sai a rana ta goma sha biyu Mai Almakashi ya kwance bandeji, ya tsaya yana kallo. Gefen ciwon ya sake yin ja, kuma da ɗumi. Ya tambaya ko ana shan magani yadda aka ce, ni da Mama muka haɗa baki muka ce ko sau ɗaya ba a tsallake ba. Baba yana ta kallon silin. Da la'asar Mama ta je neman ƙusar da za ta rataye labule, ta zazzage wani gwangwani, sai ga kwalin ashana ya faɗo. A ciki ƙwayoyi shida ne, an jera su tsaf an lulluɓe da takarda. Ashe kwana shida ke nan, kullum da yamma idan ta miƙa masa, sai ya ce ruwan ya yi kaɗan ta ƙaro, kafin ta dawo ya jefa ƙwayar a aljihu.

Ka san abin da ya ce? Ko kunya bai ji ba. Ya ce shi a sana'arsa ba a zubar da guntu, guntun katakon da ka ajiye yau shi ne ƙafar kujera gobe. Tunda ya ji sauƙi, me zai sa a ƙarar da magani mai ƙarfi irin wannan a kan ciwon da ya riga ya kama hanya? Gara a rage wa gaba, wa ya sani ko ya yi wa gwiwar Goggo amfani. Yaya, raina ya ɓaci. Na ɗaga murya a gaban Baba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mu muna wanke zannuwa har hannunmu ya yi kanta, shi yana nan yana yi wa cuta tanadi. Na fita bayan tankin ruwa na yi kuka mai isata, don ni a lokacin na riga na ga yatsan nan a cire.

Mama ce ta gama da shi, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ina jin ta ta taga. Ta tambaye shi ko ya tuna mutumin da ya kawo aikin rufin gida, wanda ya ce a tsinka maganin gara da ruwa don galan ɗaya ya isa katako duka. Ta tuna masa yadda ya mayar wa mutumin da katakonsa, ya biyo shi har titi yana faɗa, yana cewa rabin magani ba ya kashe gara, raunanan kawai yake kashewa, ya bar ƙarfafan su cinye rufin a kan masu gida. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, kunnenta ma ɗaya ne, amma wannan karatun a bakinsa ta ji shi. Sai ta tambaye shi ko hannunsa bai kai katakon wani daraja ba. Can sai na ji ya ce ta ba shi ta yamman, kuma ruwan da ke kofin ya isa.

Washegari muka koma wajen likitar da kwalin ashanar a hannu. Na zaci za ta yi faɗa, ba ta yi ba. Ta ce kada ya kuskura ya haɗa shidan ya sha don ramuwa. Ta sa aka sake ɗibar gwaji, aka ɗauki hoton hannun, ta ƙara masa kwana goma a kan na da. Kwana huɗu muka yi muna jiran sakamako, kwana huɗun da na riƙa rubuta lissafi a allo ina kuskure yara suna gyara mini. Da muka koma ta ɗaga hoton ta nuna mana ƙashin fari tas, cutar ba ta taɓa shi ba, kuma maganin yana nan yana cin ta. Mama ta sa aka maimaita mata ta kunnen dama, sannan ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi.

Tun daga ranar Baba ya zama sarkin ƙa'ida. Shi yake kiran mu idan lokaci ya yi, ya haɗiye, ya wage baki ya ɗaga harshe a duba, ko ba a nema ba. Kwalin saman kabad ma shi ya ce in kwashe in kai wa masu ba da magani a asibiti su san yadda za su yi da shi. Da Goggo ta zo ya zaunar da ita ya yi mata wa'azi a kan shan ragowar magani, kamar ba shi ba. Ranar Talatar da ta wuce ya sha ƙwaya ta ƙarshe. Ciwon ya rufe, sai tabo. Mai Almakashi ya yi mana sallama, Baba ya yi masa alkawarin kujera. Yatsan dai ya ɗan sandare, an ba shi soso ya riƙa matsawa, kuma an ce zarto sai bayan mako biyu. Makullin yana nan a jakata, ya yi lallashin ya yi barazanar, ban bayar ba.

Saboda haka ka kwantar da hankalinka. Kada ka bar aikinka, kuma don Allah kada ka aiko da wani magani daga can, ko wa ya ce maka yana da kyau. Ka bari sai hutunka ku zo gaba ɗaya. Idan za ka yi faɗan ɓoye maka da muka yi, ka yi da ni, na shirya, amma ka bar Mama, ta sha wahala.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce tana bi na bashin amsar saƙonta, yana raina ban manta ba. Ka shafa mini kan Sarkin Kuka da 'Yar Baba, ka ce su dage da karatu. Mama tana gaishe ku tana sa muku albarka, Goggo da Kawu ma suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, Auta.

Na ninke takardar ke nan Baba ya ce in buɗe in ba shi biro. Na ce ya faɗa in rubuta, ya harare ni. Ya fi minti goma a kan layukan da ke ƙasa, yana yi yana hutawa, gumi a goshinsa. Kada ka ga rubutun a karkace.

Allah ya yi maka albarka. Rabin abin da ƙanwarka ta faɗa ƙari ne. Da hannun dama na rubuta, yatsu biyar cif.