Injin Bai Tsaya Ba Ranar da Maigidana Ya Rasu

Assalamu alaikum Hajiya Nuriyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a garinmu ba tare da ta zaga ta dawo mini ba. Kada ki sa sunana. Ki ce wata mai takaba ce daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta.

Ni ce shugabar ƙungiyar mata masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwarmu. Rumfar aikinmu a jikin gidanmu take, maigidana ne ya yanka mana gefen filinsa, bangon ɗakina ma shi ne bangon rumfar. A ciki muke da injin markaɗe, tsoho ne, ƙararsa har bakin kasuwa.

Da can aikin ganin dama muke yi. Yau wannan ta tafi biki Bici, gobe waccan tana gidan suna, soyayyar gyaɗa ta kwana ba a markaɗa ba. Wani mai sayen mai ya taɓa tasowa tun daga Kano ya koma da jarkokinsa wayam, bai sake waiwayarmu ba. Abin ya ƙona mini rai. Sai wata ƙungiya mai koya wa mata sana'a ta turo mana wani malami, Kamaruddeen. Ya zaunar da mu a tabarma, ya ce mu faɗa da bakinmu abin da muke so a san mu da shi. Muka wuni muna gardama, aka ɓata, aka shirya. A ƙarshe muka tsaya a kan tsafta, da gaskiya a awo, da cika alkawari. Aka kira mai fenti ya rubuta su a bango da shuɗi.

Na ukun nan ni na kafe a kansa. Na ce inji ba ya tsayawa don biki, ba ya tsayawa don suna, mai hidima ta nemo wadda za ta tsaya mata. Kullum da safe kafin a hura wuta sai mun faɗe su tare. Sabuwa in ta shigo, ni nake zaunar da ita in koya mata. Har suna suka laƙaba mini, wai Hajiya Alkawari, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Kuma wallahi abin ya kama. Wani Alhaji mai sayen mai a unguwar Bacirawa ta Kano ya riƙe mu, motarsa ba ta taɓa zuwa ta jira mu ba.

Farkon daminar nan maigidana ya yanke jiki ya faɗi a gona yana noma. Aka kawo shi gida a amalanke, kafin azahar rai ya yi halinsa. Motar Alhaji kuwa washegari za ta zo.

Hajiya, injin bai tsaya ba. To, kada in yi musu ƙarya, sun kashe shi da aka fito da makara za a yi salla. Amma maza ba su dawo daga maƙabarta ba na ji an sake tayar da shi. Ina zaune a tabarma na jingina da bango, bangon yana rawa a bayana, kwanukan jerena suna ta kaɗawa. Ɗaki cike da mata, kowacce ta yi kamar ba ta ji ba. Matan ƙungiyar sun shigo gaisuwa, amma bi-da-bi, suna ƙamshin suya, su durƙusa su yi addu'a su koma bakin kasko.

Washegari mataimakiyata Jumma ta shigo, ƙawata ce tun muna 'yan mata. Idonta ya kumbura don kuka, ta ma fi ni kuka, don ni ban yi ba. Ta ajiye jarkar mai daga matsar ranar rasuwar, wai a yi abincin sadaka, sannan ta kama hannuna ta ce, "Shugaba, ba mu ba ki kunya ba, motar Alhaji ta tafi a cike." Na ce Allah ya yi albarka. Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Jarkar tana nan bayan ƙofa, ban buɗe ta ba, ban kuma bari an taɓa ta ba.

Yayar maigidana, Yaya Kaltum, ta ɗauki zafi. Ta ce a tasowarsu ko taɓarya ba a ɗagawa a unguwa in akwai gawa, balle inji a jikin ɗakin mamaci. Tana so da na fita takaba a kwashe rumfar daga filin ƙaninta. Ni take jira in buɗe baki, 'yan'uwansa maza kuma ita suke bi. In aka tashe mu ba mu da inda za mu kai injin, ƙungiyar watsewa za ta yi, kuma da ita nake ciyar da yarana yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne ba na jin komai. Da fushi nake ji, da na san abin yi. Ba na jin haushin Jumma, ba na kuma marmarin ganinta. Da safe ina jin su ta bango suna faɗin abubuwan nan uku da irin muryar da na koya musu, sai in ji kamar rediyon maƙwabta ne. Ƙamshin suyar gyaɗa da nake so tun ina yarinya, yanzu da shi da hayaƙi duk ɗaya. Ina cin abinci don an ajiye. Wani lokaci in ce abin da na koya musu suka yi, to laifin wa zan gani? Wani lokaci kuma in ce ashe duk cikinsu ba wadda ta iya miƙa hannu ta kashe abin nan na wuni ɗaya. Daga nan sai tunanin ya tsaya, in zauna kawai.

Takabata ta kusa ƙarewa, ga sabuwar gyaɗa ta fara shigowa. Sun aiko cewa kujerata tana jirana. In koma, ko in bar Yaya Kaltum ta yi yadda take so?

Mai takaba, daga bayan Ɗambatta.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari.

Ki fara da kanki. Wannan rashin jin komai ba taurin zuciya ba ne, haka baƙin ciki yake zo wa wasu, musamman in mutuwa ta zo ba sallama. Kada ki yanke hukuncin da ba ya gyaruwa kina cikin wannan hali. In kuma ya daɗe, barci da cin abinci suka gagara, ki je asibiti ki faɗa musu kamar yadda kika faɗa mini.

Yaya Kaltum tana da gaskiya. Shirun da unguwa take yi wa mamaci haƙƙi ne, kuma an tauye miki shi a ranar da kika fi bukatarsa. Amma matan nan ba raina ki suka yi ba. Ki sake duba maganar Jumma. Mace ce da ta rasa abin da za ta ba ki, sai ta kawo abin da ta san kin fi daraja shi. Kun yi maganar biki, kun yi ta suna, ba wadda ta kawo zancen mutuwa, don kowa ta ɗauka an sani. Da ranar ta zo, kina zaman makoki ba halin a tambaye ki, sai suka kama abin da kuka saba faɗa kullum da safe.

Ki lura da wani abu kuma. Wurare da yawa suna rubuta kyawawan ɗabi'u a bango, shugaba na ba da baya a watsar. Naku sun zauna a jikin mutane har suka yi aiki ba kya wurin. Kada ku goge bangon, rubutun ne dai bai cika ba.

Shawarata ki koma. Amma kafin nan ki kira Jumma ita kaɗai, ki zaunar da ita a inda kika zauna ranar, ta jingina da bangon nan ana markaɗe. Ki gaya mata abin da kika ji, ba da faɗa ba. Sannan ku tara kowa a tabarma kamar farko, ki tambaye su: yaushe ne injinmu yake tsayawa? Ki bar su su ba da amsa da bakinsu. Abin da kuka tsayar, ku sanar da Alhaji tun yanzu, ya san ranar rasuwa ba ta cikin alkawarinku, shi ma ɗan'adam ne. Ku riƙa faɗinsa da safe tare da sauran, ku koya wa sababbi. Ki gayyaci Yaya Kaltum zaman, girmamawar da aka hana ƙaninta take nema, ba rumfa ba.

Jarkar nan kuma ki buɗe ta. Don sadakar maigidanki aka kawo ta, har yau ba ta isa inda aka nufa ba. Ranar zaman ki sa a kashe injin tun safe, ku yi girki da man, ku raba wa unguwa, ku yi masa addu'a cikin shirun da bai samu ba. In kuka ya zo miki a wurin, ki bar shi ya zo.

Wata rana rasuwa za ta shiga gidan ɗaya daga cikinsu, ga mota a hanya. Ranar kada ki aika kowa, ki tashi da kanki ki kashe injin.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa albarka a sana'arku.

Hajiya Nuriyya